Buea: Babban Birnin Da Muka Manta

Idan ka shiga kasuwar Mubi ka tambayi mutum goma ina ne Buea, da wuya biyu su ba ka amsa. Za su kwatanta maka hanyar Garwa, su lissafa maka ƙauyukan da ke tsakaninmu da Marwa, su faɗa maka canjin sefa na yau ba tare da sun duba waya ba. Amma Buea, sai dai a ce maka ba a san shi ba. Alhali kuwa an yi zamanin da daga can ake mulkin garinmu, ko da a takarda ne. Shekaru goma da ɗoriya da Mubi ta yi a hannun Jamusawa a farkon ƙarni na 20, babban gwamnan da ke da wuƙa da nama a kanmu yana zaune ne a wani gida a jikin dutse, kusa da teku, tafiyar da ko a yau ta haura kilomita 1,000 a mota.

Ni ma ba a aji na san garin ba. Ilimin kwamfuta na karanta a jami'a, tarihin da na sani kuwa bai wuce wanda aka ba mu a sakandare ba, kuma babu Buea a cikinsa. Aiki ne ya haɗa mu. A farkon 2016 na shiga wani ƙaramin kamfani mai haɗa manhajar lissafin kaya don masu shagunan magani. Mu bakwai ne, a warwatse a ƙasashe huɗu, ba mu da ofis sai intanet. Ni nake rubuta ɓangaren da ke zama a wayar mai shago, wani saurayi sa'ana kuma yana riƙe da ɓangaren da ke karɓar bayanai ya adana su. Kamar mai jefa bulo da mai cafewa muke a wurin gini: duk abin da na tura, a hannunsa yake sauka. Ranar da na tambaye shi inda yake, ya ce Buea, a Kamaru. Na ce ni ɗan Mubi ne. Sai ya yi dariya ya ce, "Ashe kai ne ɗan'uwanmu da ya gudu." Sai da na je garinsu na gane abin da yake nufi.

A watan Agustan wannan shekarar na kai masa ziyara, wata biyu kafin yankin ya rikice. Daga Duala tafiyar ba ta fi kilomita 70 ba. Kana tsallake gadar kogin Mungo allunan gefen hanya suke sauya harshe, Faransanci ya koma Ingilishi. Daga nan sai gonakin roba da ayaba, layi-layi iya ganinka, har ka wuce Tiko ka isa Mutengene, inda hanya take fara hawa. Garin kansa babban titi ɗaya ne da ya taso daga tashar Mile 17 ya yi ta hawa, ya ratsa Molyko da Great Soppo har ya ƙure a tsohon gari, unguwanni suna rataye a gefe da gefensa. Mutanen Buea ba sa kwatance da gabas ko yamma. Ko dai ka hau, ko ka gangara. Kana hawa gumi yana bushewa. Ni da na saba da zafin Mubi na watan Afrilu, sai ga ni ina aron rigar sanyi a tsakiyar damina.

Kwana tara na yi, sau ɗaya tak na ga dutsen. Kullum ana ce mini ga shi can a bayan gari, ni kuwa ba na ganin komai sai farin gajimare da yayyafin da ba ya yankewa. Ran kwana na shida na fito da sassafe, na ɗaga kai, sai ga shi a tsaye ya cinye rabin sama. Tsayinsa ya haura mita 4,000, babu kamarsa a duk yammacin nahiyar. Kuma dutse ne mai rai. A 1999 ya yi aman wuta, narkakken dutse ya gangara har ya datse hanyar bakin teku da ke yamma da Limbe, a 2000 ya sake yi. Bakweri, masu ƙasar, suna noma a gindinsa tun kafin zuwan Jamusawa.

Sanyin nan da ya sa na ari riga, shi ne ya mayar da Buea babban birni. Jamusawa sun kafa tutarsu a Duala a 1884, bayan yarjejeniya da sarakunan garin. To amma Duala fadama ce, ga zafi ga sauro, zazzaɓi yana ta ɗibar jami'ansu, sai idonsu ya koma kan tudu. Bakwerin Buea ba su miƙa wuya cikin sauƙi ba. A 1891 aka turo musu runduna ƙarƙashin Karl von Gravenreuth. Mutanen sarki Kuva Likenye suka tare ta, kwamandan ya rasa ransa a nan, saura suka ja da baya. Sai a 1894 Jamusawa suka dawo da shiri mai ƙarfi suka ci garin. Kuva ya fice, bai daɗe ba ya rasu. A 1901 gwamna Jesko von Puttkamer ya kwashe hedikwata daga Duala ya hau da ita Buea, ya gina wa kansa katafaren gida irin na masu sarautar ƙasarsu. Gidan yana nan har yau a hannun gwamnati, da masu gadi a ƙofa, don haka daga nesa na hango shi. Akwai kuma 'yar maɓuɓɓugar ruwa da aka gina don tunawa da Bismarck, da tsofaffin gidajen ma'aikata, da kaburburan Jamusawa.

Abin da ya tsaya mini a rai a ranar shi ne dalilin zaɓen wurin. Buea ba ya tsakiyar ƙasa, kuma ba mahaɗar fatake ba ce kamar Kano ko Garwa. Jikin gwamna ne ya fi jin daɗi a can, shi ke nan. Haka Turawan Ingila suka yi a Malawi, suka zauna a Zomba, a gindin wani tsauni mai sanyi, garin ya riƙe matsayin babban birni har 1975. A sana'armu mun san irin wannan. Sai ka gaji manhajar da wani ya rubuta shekaru da suka wuce, ka tarar da wani tsari da ba ka ga dalilinsa ba. In ka bincika, ka ji ai don sauƙin kansa ya yi a wancan lokacin. Shi ya daɗe da barin aiki, amma an ɗora abubuwa ɗari a kan tsarin, ba ya taɓuwa sai komai ya girgiza. Puttkamer ya bar kujerar a 1907 bayan ƙorafe-ƙorafe a kan mulkinsa. Jamusawa kansu sun rasa Buea a watan Nuwamban 1914, a farkon yaƙin duniya na ɗaya. Amma ƙasar noman da suka ƙwace daga Bakweri suka raba wa kamfanoninsu ba ta koma hannun masu ita ba. A 1947 Turawan Ingila suka tattara gonakin a ƙarƙashin hukumar CDC, wadda har yau take riƙe da mafi yawansu. Su ne robar da ayabar da na yi ta kallo ta tagar mota, kuma Bakweri har yanzu suna neman haƙƙinsu a kai.

Bayan yaƙin aka raba Kamaru. Faransa ta ɗauki kaso mai tsoka, Ingila ta samu wani siririn yanki a jikin iyakar Najeriya, daga teku har kusa da tafkin Chadi. Shi ma ta raba shi biyu. Na arewa, inda Dikwa da Gwoza da Mubi da Ganye da tsaunin Mambila suke, aka liƙa shi a lardunan Jihar Arewa. Na kudu aka haɗa shi da Jihar Gabas, sai a 1954 ya samu majalisarsa da gwamnatinsa a Buea, Dokta Emmanuel Endeley, Bakweri ɗan garin, yana jagoranta, har John Ngu Foncha ya kayar da shi a zaɓen 1959.

Ran 11 ga Fabrairun 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aka tambayi ɓangarorin biyu tambaya iri ɗaya: Najeriya kuke so ko Jamhuriyar Kamaru? Babu zaɓi na uku, na tsayawa da ƙafarsu. A arewa kusan kashi 60 cikin ɗari suka ce Najeriya. A kudu kusan kashi 70 suka ce Kamaru. Ran 1 ga Yuni muka shigo Najeriya, aka raɗa wa yankinmu suna Lardin Sardauna, Mubi ta zama hedikwata. Ran 1 ga Oktoba su kuma suka haɗe da Yawunde. Gudun da abokina yake tsokanata da shi ke nan.

Kakata ta wajen uwa ta jefa ƙuri'a a wannan zaɓen, tana amarya da goyon fari. An bar mata sun yi, abin da sauran matan Arewacin Najeriya ba su samu ba sai bayan shekara goma sha biyar. Da na dawo daga Buea na zauna kusa da tabarmarta na ce, "Kaka, wa kika zaɓa?"

Ta ce, "Kai maigidan, tambayarka ta yi yawa. Najeriya mana. Kakanka ya ce an yi alkawarin za a ba mu lardinmu, ba za mu ƙara zama a ƙarƙashin Yola ba."

Na ce, "Kin san a ranar akwai wasu mutane can kudu, kusa da teku, da aka yi wa tambaya irin taku?"

Ta ce, "Ba wanda ya gaya mana. Su me suka ce?"

Na gaya mata. Ta ɗan yi shiru tana jan carbi, sannan ta ce, "To, Allah Ya sa sun dace."

Shekara goma sha ɗaya Buea ya ƙara yi yana hedikwatar jihar Kamaru ta Yamma, da firaministansa da majalisarsa. A 1972 shugaba Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa, ya shirya ƙuri'ar raba gardama da ta soke tsarin tarayya. Garin da ya mulki ƙasa guda a zamanin Jamus ya koma hedikwatar lardi kawai. Masu magana da Ingilishi, waɗanda ba su fi kashi ɗaya cikin biyar na al'ummar ƙasar ba, tun daga nan suke ƙorafin ana haɗiye musu kotuna da makarantu da tsarin mulkin da suka shigo da shi.

Abin da ya sake tayar da garin shi ne jami'a. A 1993 Jami'ar Buea ta tsaya da ƙafarta, ana koyarwa da Ingilishi, unguwar Molyko ta cika da ɗalibai. Lokacin da na je, kusan kowane bene akwai ɗakin da samari da 'yan mata suke zaune a gaban kwamfuta. Akwai cibiyar ActivSpaces da ke ba masu sabbin kamfanoni wurin zama, akwai Njorku, shafin neman aiki da aka gina a nan ya bazu zuwa wasu ƙasashen. Suna kiran kansu Silicon Mountain, suna kwaikwayon sunan kwarin nan na Amurka. Dalilin taruwarsu a bayyane yake: haya ta fi ta Duala sauƙi, kwamfuta ba ta zafi, mai ita ma ba ya zafi, ga masu digiri jami'a tana fitarwa duk shekara, ga Duala da bankunanta tafiyar awa ɗaya da wani abu.

Da daddare mukan gangara bakin titi cin tsire, wanda su suke kira soya. Mai tukubar wani dattijo ne Bahaushe. Na yi masa sallama da Hausa, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗana, daga ina?" Na ce, "Daga Mubi, Baba." Ya ƙara mini yanka uku bai karɓi kuɗinsu ba. Ya ce shi a Kumba aka haife shi, mahaifinsa fatauci ya kawo shi daga arewa, kuma Turancin buroka ya fi zama a bakin 'ya'yansa fiye da Hausa. Duk daren da ya rage mini a garin, a wurinsa na ci.

A watan Oktoban 2016 lauyoyi suka fara yajin aiki, suna adawa da turo alƙalan da ba su san tsarin shari'ar yankin ba. A Nuwamba malaman makaranta suka bi sahu. Ran 17 ga Janairun 2017 gwamnati ta haramta ƙungiyar da ke jagorantar yajin, ta kama shugabanninta a Buea, aka kuma yanke intanet a yankuna biyun masu magana da Ingilishi. A wurinmu abin ya zo a siffa mafi ƙanƙanta: ɗigon kore da ke gefen sunan abokina ya dushe. Na tura saƙo, shiru. Na tura aiki, babu mai cafewa. Sai washegari ya kira ni ta layin waya na 'yan daƙiƙu ya ce ba matsalar wuta ba ce, kada mu jira shi.

Kwana 93 aka yi, sai ran 20 ga Afrilu aka mayar. Wanda bai yi sana'armu ba zai ɗauka rashin intanet rashin hira ne da kallon hotuna. A wurin mai rubuta manhaja kamar a kulle wa tela shago ne da kekensa a ciki. Ba ka iya sauko da kayan aikin da kake buƙata, ba ka iya duba abin da ya shige maka duhu, ba ka iya miƙa abin da ka gama, wanda ya ba ka aiki daga waje kuma ba zai jira ba. Na'urorin cirar kuɗi da shagunan tura kuɗi su ma suka tsaya. Wasu daga cikin matasan suka kama ɗaki a Bonako, a bakin iyakar yankin da ke da sabis, suna kiransa sansanin 'yan gudun hijirar intanet. Abokina yakan yi aiki kwana uku a gida, ya hau mota ya ratsa shingayen jami'an tsaro, ya tura komai a lokaci ɗaya, ya sauko da abin da zai ishe shi, ya koma kafin duhu. Sau biyu a mako nake ganin ɗigon nan ya yi kore na awa uku ko huɗu, sai in ajiye duk abin da nake yi.

A cikin waɗannan watanni ne ya kawo shawarar mu sake gina manhajar yadda za ta yi aiki ko babu sabis: mai shago ya ci gaba da shigar da cinikinsa, waya ta riƙe, duk ranar da ta samu hanya ta tura, rumbun ajiya ya daidaita lissafi ba tare da an ƙirga kwalin magani ɗaya sau biyu ba. Aiki ne mai cin rai, ya ɗauke mu kusan wata biyar, kuma akwai waɗanda suke ganin matsalar gari ɗaya ce ba ta kai a kashe mata wannan lokacin ba. Ya dage, aka yi. A watan Satumban 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Dalilin daban ne, amma a wurin mai shago duhun iri ɗaya ne. Muna da abokan ciniki a Gusau. Bayan makonni, sai ga bayanan wani shago sun shigo gaba ɗaya, cinikin kwana ashirin da wani abu, babu ko ɗaya da ya ɓata. Mai shagon ya shiga wata jiha ne sayen kaya, wayarsa ta samu sabis. Na ɗauki hoton allon na tura wa abokina. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Wannan karon mai gemun da ke ci ne ya shafa mana.

A Buea kuwa dawowar intanet ba ta kawo ƙarshen komai ba. Ran 1 ga Oktoban 2017 'yan aware suka ayyana ƙasar da suke kira Ambazoniya, suna cewa Buea ne babban birninta, rikici ya koma na bindiga. Dubban mutane sun mutu, dubban ɗaruruwa sun bar gidajensu, dubun-dubata sun tsallako Najeriya, suna zaune a Kuros Riba da Binuwai da Taraba. An zargi sojoji da ƙona ƙauyuka, an zargi 'yan aware da sace mutane da hana yara zuwa makaranta. Duk ranar Litinin an wajabta zaman gida. Mai shagon da ya buɗe yana tsoron 'yan bindiga, wanda ya rufe kuma akwai lokacin da hukumar gari take bi tana garƙame masa shagon. Da yawa daga cikin matasan da na sha shayi da su a Molyko sun koma Duala ko Yawunde ko ƙasashen waje. Na tambayi labarin Baba mai tsire, aka ce ya kwashe iyalinsa ya tafi, wani yaro ne a kan tukubar yanzu.

Wata rana bayan mun gama taron aiki, kowa ya sauka sai mu biyu, abokina ya ce, "Gaya mini gaskiya, tsakanin kakarka da kakana, wa ya fi iya zaɓe?" Na ba shi labarin ƙarshen watan Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram suka shiga Mubi suka sauya wa garin suna. Kakata tana da shekara saba'in da ɗoriya. Kawuna ya ɗora ta a babur, inda babur ya kasa aka goya ta, suka bi ta duwatsu suka tsallaka iyaka. Ƙasar da ta ƙi zaɓa a 1961, a can ta kwana a ajin wata makarantar firamare, mutanen ƙauyen suna kawo musu kunu. Ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya ce ƙanwarsa tana Ikom, a Najeriya, shekara biyu ke nan. Ba mu ƙara tayar da zancen ba.

Yana nan a Buea har yanzu. Ya ce mahaifiyarsa ba za ta iya zafin Duala ba, shi kuma ba zai bar ta ba. A jadawalin kamfaninmu ba ma sa wani abu mai muhimmanci ranar Litinin, domin idan wuta ko sabis ya ɗauke masa a gida, ba shi da inda zai fita ya nema. Sababbin ma'aikata sukan tambayi dalili, sai a gaya musu. Duk watan Fabrairu kuma yakan turo mini hotunan tseren hawan dutse da ake yi tun 1973, daga filin wasa na Molyko zuwa ƙololuwa a dawo, wanda Sarah Etonge ta ci sau bakwai har ake kiranta sarauniyar dutse. Kullum da saƙo ɗaya yake haɗawa: in zo da rani, lokacin da gajimare yake yayewa, in ga abin da damina ta ɓoye mini. Na ce masa in Allah Ya kawo zaman lafiya zan zo, amma bisa sharaɗin shi ma ya hau mota ya zo Mubi a watan Afrilu.